Sharhi kan na'urar gano iskar guba a wurin haƙar mai

Tun da aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, a Nuwamban 2022, matasanmu da dama ke neman shiga wannan aiki, kuma yawancin tambayarsu kan takalmi da hular kwano take. Ni kam abin da na fi ba muhimmanci cikin kayan aikina shi ne 'yar na'urar gano iskar H2S, wata iska mai guba da ke fitowa daga rijiyoyin mai da gas.

Tawa irin mai wa'adin shekara 2 ce. Ba caji, ba canjin batir. In kwananta ya ƙare sai a karɓi sabuwa. A wuyan riga ake maƙala ta, kusa da hanci, don iskar da mutum ke shaƙa ake son aunawa.

Wannan iska muguwa ce. In kaɗan ce, warin ruɓaɓɓen ƙwai take yi, amma da ta kai wajen 100 a ma'aunin ppm (wato kashi 100 cikin miliyan na iskar wurin) sai ta kashe jin wari, mutum ya ɗauka ta wuce alhali ƙaruwa ta yi. Ga ta da nauyi, tana kwanciya a ramuka da gindin rijiya da gefen tankunan laka, daidai inda lebura ke sunkuyawa. Tawa an saita ta ta fara ƙara a 10, ta tsananta a 15. Abin da ya fi burge ni shi ne karkarwar da take yi a ƙirji. Ga rugugin janareta, ga kunne a toshe, ƙarar ba ta cika isowa ba, amma karkarwar nan ba ta ɓuya. Da ka ji, sai ka dubi tutar iska, ka ratsa gefe ka kauce wa inda iskar ke kaɗawa, ka nufi wurin taruwa.

Tana da nata aibi. Laka da ƙura na toshe bakinta, dole a riƙa dubawa ana gwada ta da iskar gwaji kafin a fara aiki. Maƙalinta ma ya saki da wuri. Sannan iska ɗaya tak take ganewa, kuma gargaɗi kawai take yi, ba ta maye gurbin tukunyar numfashi.

Inda zuciyata ba ta kwanta ba shi ne, mu ma'aikata kaɗai ke ɗauke da ita. A Disamban 2003 wata rijiyar gas ta yi bindiga a yankin Chongqing na ƙasar Sin, mutum 243 suka rasu, akasarinsu mutanen ƙauye da gubar ta cim musu cikin dare. Manomi da makiyayin da ke bayan shingen kamfani ba su da komai a wuyan rigarsu. Ina ba duk ma'aikaci shawarar kada ya taka filin haƙa sai da wannan na'ura, su kuma masu unguwanni su nemi a kafa jiniya a ƙauyukan da ke kusa, a koya wa jama'a inda za su nufa in ta kaɗa.