Gargaɗi kan dillalan otal na waya a Legas masu cewa "ba a mayar da kuɗi"

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Legas, musamman ku da ake yawan bugo wa waya daga gida a ce "ka sama mini masauki, ina nan tafe". Akwai wata damfara da ke cin mutanenmu a Agege da Idi-Araba da Obalende, kuma abin da ya sa take tafiya lafiya shi ne yawancin waɗanda aka cuta ba su ma san cutarsu aka yi ba. Gani suke ƙa'idar otal ce ta hau kansu, sai su yi Innalillahi su haƙura.

Ga yadda abin yake. Mutum zai buɗe shafi a Facebook ko Instagram, ko ya faɗo rukunin WhatsApp na 'yan kasuwa da sallama da Hausa tsantsa, ya ce shi dillalin otal ne. Zai zubo hotunan ɗakuna masu kyau a Ikeja kusa da filin jirgin Murtala Muhammed, ko a Victoria Island don masu zuwa ganawar bizar Amurka, ko kusa da asibitin LUTH don masu jinya. Farashinsa kusan rabin na otal ɗin. Sharaɗinsa ɗaya: a biya duka yanzu, saura ɗaki guda, kuma kuɗi in sun shiga ba sa fita. Lambar asusun da zai turo kuwa ta wani mutum ce, ba ta kamfani ba.

Dillalai masu ƙaramin wayo daga nan suke kashe waya. Na fi jin tsoron ƙwararrun. Shi ƙwararren zai je shafin kama ɗakin otal na Booking.com ko makamancinsa ya kama ɗaki na gaske da sunanka, amma irin wanda sai an isa ake biya, kuma ana iya sokewa kyauta. Sai ya turo maka hoton takardar, da sunanka da lamba. Ko ka buga wa otal ɗin za su ce e, akwai sunan Alhaji a littafinsu, hankalinka ya kwanta. Ana gobe baƙo zai sauka sai dillalin ya soke. Baƙonka ya iso da dare da iyali da kaya, mai karɓar baƙi ya ce babu ɗaki kuma ko sisi ba a biya su ba. Ka kira dillali, ya ce ai otal ne suka riƙe kuɗin, kuma tun farko ya gaya maka ba a mayarwa. Shi ya sa tambayar da za ka yi wa otal ita ce "kuɗin ɗakin nan sun shigo hannunku?", domin tambayar suna kaɗai ba ta kama ɓarawo.

To, bari mu ajiye ɓarawo, mu ɗauka otal ɗin gaske ne ka biya, tafiya ta fasu. Shin suna da ikon cinye kuɗinka gaba ɗaya? Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta yi magana a kan wannan a sashe na 120. Ta ce mai saye yana da haƙƙin soke duk abin da ya kama tun kafin lokaci, mai kaya kuma yana iya cire ladan sokewa, amma wanda hankali zai ɗauka. Wajen auna shi ana duba irin hidimar, da tsawon sanarwar da ka bayar, da ko otal zai iya samun wani baƙon ya maye gurbinka, da abin da aka saba a sana'ar. Ashe wanda ya soke saura mako uku a watan Disamba, lokacin da mutanen ƙasashen waje ke dawowa ana rububin ɗaki a Lekki, hujjarsa ta fi ta wanda ya bugo da la'asar ɗin ranar da zai kwana. Sashen ya ƙara da cewa idan wanda aka kama wa ɗakin ya rasu ko an kwantar da shi a asibiti, ba a cire komai.

Kotu ma ta taɓa tabbatar da haka. A 2022 Babbar Kotun Jihar Enugu ta yanke cewa tsarin "in ka biya ba a mayarwa" na wani kamfanin motocin safa ya saɓa wa wannan doka, ta kuma sa ya biya fasinjan diyyar naira dubu 500. Harkar mota ce ba otal ba, amma dokar ɗaya ce.

Kada dai a ɗauka ina cewa kullum kuɗi za su dawo cif. Wanda ya zaɓi ɗaki mai rangwame da idonsa a buɗe, ya ƙi zuwa, bai kuma sanar da kowa ba har gari ya waye, a ganina bai da bakin magana sosai, don otal ya kwana da ɗaki a rufe saboda shi. Kuma otal ɗin Makka ko Dubai dokar Najeriya ba ta kai can. Sai dai in kamfanin tafiye-tafiye na nan gida ka biya, shi za ka riƙe.

Idan otal na gaske ya ƙi sauraronka, rubuta musu a takarda ko saƙon waya, da ranar da ka soke da rasit, ka ambaci sashe na 120. Sau da yawa manaja yakan sauko ya ba da wani kaso ko ya sauya maka rana. In ya taurare, akwai LASCOPA, hukumar kare masu saye ta Jihar Legas, akwai FCCPC, akwai kuma kotun ƙananan basussuka da aka fara a kotunan majistare na Legas a 2018 don abin da bai wuce naira miliyan 5 ba, wadda ba dole sai da lauya ba.

Dillalin bogi kuwa ba maganar hukumar masu saye ba ce, zamba cikin aminci ce. Ka garzaya bankinka a ranar, kada ka bari sai Litinin, ka ce su sanar da bankin da kuɗin suka faɗa, domin irin waɗannan asusun cikin sa'o'i ake kwashe su. Sannan ka kai ƙorafi wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC da ke Ikoyi, da hoton hirarku da shaidar tura kuɗi. Kada ka goge hirar don haushi, kuma kada kunyar a ce an yi wa ɗan kasuwa wayo ta sa ka yi shiru.

Bayan 'yan kwanaki wani yana iya kiran ka ya ce shi jami'in EFCC ne ko ma'aikacin banki, an kama yaron, kuɗinka na nan, ka turo na aikin takarda ko ka karanto lambar da aka aiko maka a waya. Su ɗin ne dai suka dawo. EFCC ba ta karɓar kuɗi kafin ta karɓi ƙorafi, banki kuma ba ya tambayar lambar sirrinka.