Google Calendar: ra'ayina kan yadda ake tura wa wani gayyatar mitin

Ni ne sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗalibai na ajinmu, kuma mutanenmu a warwatse suke, wasu Kano wasu Yamai wasu Accra, akwai na Jidda akwai na Landan, shi yasa duk mitin ɗinmu ta intanet ne kuma da Google Calendar nake tura gayyata. In za a ce in bata maki tauraro 4 cikin 5 zan bata, ɗayan da na riƙe kuwa saboda maganar tura wa wani gayyatar da aka turo maka ne, don nan ne mutane suka fi ruɗewa.

Kyauta ce, tun 2006 take aiki, duk mai Gmail yana da ita ko bai taɓa buɗewa ba. Abin da yafi burge ni shi ne agogo. In na saka mitin ƙarfe 4 na yamma agogon Najeriya, na Yamai 4 zai gani, na Accra 3, na Jidda 6, na Landan kuma ya danganta da wata, don su suna canza agogo a ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba, lokacin zafi daidai muke da su lokacin sanyi sun koma baya da awa ɗaya, kuma duk wannan lissafin ita take yi ba ni ba. In na ɗaga mitin daga Asabar zuwa Lahadi kowa zai samu saƙo kalandarsa ta gyaru da kanta, linkin Google Meet, wato manhajar kiran bidiyon da muke mitin da ita, yana nan maƙale a ciki.

To sai ga memba bazai samu zuwa ba yana so wani ya wakilce shi. Abin da muka saba shi ne ya kwafi linki ko ya ɗauki hoton gayyatar ya cilla a WhatsApp. Yana aiki, amma wakilin baya cikin jerin waɗanda aka gayyata, ƙarfe 4 ɗin da ke jikin hoto bazai juya zuwa agogon garinsa ba, in an ɗaga mitin bazai sani ba, sannan galibi in yazo shiga sai ya tsaya neman izini, ni kuma ina tsakiyar karanta rahoton zaman baya sai inga wani suna da ban sani ba yana jira a bakin ƙofa, in barshi ko kar in barshi.

Masu ganin sun ɗan waye sai suyi fowadin ɗin imel ɗin gayyatar, kuma wallahi wannan ne yafi damuna. Maɓallan nan na eh, a'a, wataƙila da ke cikin imel ɗin da sunanka aka ɗaure su. Google da kansu sun rubuta a ƙasan gayyatar cewa duk wanda ka tura wa zai iya aika amsa ga mai shirya taron, zai iya shiga jerin baƙi, zai iya gayyato wasu, har ma ya canza amsar da ka riga ka bayar. Kaga kenan kamar ka miƙa wa mutum katin ɗaurin aure mai ɗauke da sunanka ne, duk abin da yayi da shi kai za a gani. Ka danna zaka zo, wanda ka tura wa ya danna a'a da nufin shi ne bazai samu dama ba, sakatare ya duba yaga kai ne ka fasa. Gargaɗin yana nan, amma can ƙasa da ƙananan haruffa inda mai karantawa a waya ba lallai ya gangara ba, a ganina sama ya kamata a saka shi kusa da maɓallan.

Hanyar da ta dace tana cikin kalandar ba cikin imel ba. Ka buɗe mitin ɗin a Google Calendar, ka je wajen da aka rubuta Add guests, ka saka adireshin imel ɗin mutumin, shi kenan zai samu tasa gayyatar da sunansa, amsarsa daban taka daban, duk canjin da akayi zai iske shi. Ba dole sai mai Gmail ba, mai Yahoo ko imel ɗin ofis ma zai samu, da ɗan fayil mai suna invite.ics wanda sauran kalandu suke ganewa. Amma fa sai in mai shirya taron ya bar wannan damar a buɗe. Izini uku ne a hannunsa, na gyara taron, na gayyato wasu, da na ganin jerin baƙi, biyun ƙarshe a kunne suke zuwa sai dai ka kashe da kanka.

Ƴan uwana sakatarori don Allah ku riƙa duba wajen nan kafin ku danna tura. Zaman shugabanni da za a yi maganar kuɗin asusu ina kashe damar gayyato wasu. Babban taro kuma ina ɓoye jerin baƙi, don muna da mata a ƙungiya da basa son adireshinsu ya riƙa yawo a hannun kowa, kuma suna da gaskiya.

A nan kam Outlook, manhajar imel da kalanda ta Microsoft, ta fi. Can akwai fowadin a jikin mitin ɗin kansa, in ka tura mai shirya taron zai samu sanarwa cewa an tura wa wane, kuma yana iya hana turawar gaba ɗaya tun farko. Sai dai mutanenmu Gmail ne a wayoyinsu, bazan ce kowa ya sauya ba saboda wannan kaɗai. A kuma tuna Meet na kyauta minti 60 ne in kun kai mutum 3, na Zoom minti 40, in zaman zai yi tsawo a faɗa wa wakilin tun wuri cewa zai katse a sake shiga.

Yanzu a bayanin kowace gayyata ina rubuta layi ɗaya da Hausa: duk mai son turo wakili ya aiko min da imel ɗinsa a WhatsApp in saka shi da kaina, kar ayi fowadin.