Tafinta ko na'urar fassara: amsa ga mai shirin tafiya sari Chaina

Malam, na ga tambayarka kan ko ka sayi 'yar na'urar nan ta fassara ko ka ɗauki tafinta a tafiyarka ta farko zuwa Chaina. Ɗauki tafinta. Na'urar ina da ita, da kuɗina na saya, kuma har yau in na buɗe durowa na gan ta sai raina ya sosu.

Ba zan zalunce ta ba, tana kai mutum otal, tana tambayo masa banɗaki. Iyakacinta ke nan. Ranar da na shiga da ita baje kolin Canton a birnin Guangzhou, wanda ake ci sau biyu a shekara tun 1957, hayaniyar zauren kaɗai ta gama da ita. Ina magana tana kwaso muryar na kusa da ni, mai kaya yana magana tana jira ya yi shiru, shi kuwa ba ya shiru. Ga ta ba ta aiki sosai sai da intanet. Muka tsaya ni da mutumin muna kallon ɗan allonta yana juyawa kamar masu jiran sakamakon asibiti, har ya gaji ya jawo kalkuleta ya buga lamba ya miƙo mini. Da kalkuletar muka ƙarasa.

Ko ta ji maganar daidai, akwai abin da ba ta iya gaya maka. 'Yan Chaina ba sa ƙirga manyan lambobi da dubu-dubu, da "wan" suke yi, wato 10,000. In mutum ya ce wan uku, 30,000 yake nufi, kuma shi kansa in ya tashi juya maka ita da Turanci sifili ɗaya kan faɗi a hanya. Ragin farashi ma a juye suke faɗinsa. Na taɓa ganin an rubuta 8 da wani harafi a gefenta, na'ura ta nuna mini ragi, na ɗauka garaɓasa ce ta faɗo. Ashe ma'anarta ka biya kashi 80 cikin 100, an rage maka 20 kacal. Akwai kuma "jin", ma'aunin da suke amfani da shi, rabin kilo ne. Sannan huɗu da goma, "si" da "shi", a bakin mutanen kudu kusan ɗaya suke fita. Har yatsu ba su tsira ba: in ya ɗaga babban yatsa da ɗan ƙaramin, shida yake nufi, in kuma babban yatsa da manuniya ne kamar bindiga, takwas ke nan, kai kuma biyu kake gani. Kalmar saye da ta sayarwa duka "mai" ce, karin murya ne ya raba su. Wannan dai bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba, tunda mu ma haka muke bambanta kai na jiki da kai na mutum.

A tafiya ta biyu wani abokin sana'a ya haɗa ni da wani yaro, ɗalibi ne da ya yi shekaru a can, Sinanci a bakinsa kamar ruwa. Ranar farko na ɗan raina shi, don shiru-shiru ne, ga wata tsohuwar jaka a baya. Muka je Foshan, kusa da Guangzhou, ina neman kwanon wanke-wanke na bakin ƙarfe mara tsatsa. Aka kawo samfur yana ƙyalli, aka faɗi farashi mai daɗi, na fara gyara zama zan ba da kafin alƙalami. Sai na ji an taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Yaron bai ko kalle ni ba, ya ci gaba da shan shayinsa. Da muka fito ya ce, "Alhaji, samfurin da suka nuna maka lamba 304 ne, amma farashin da suka ba ka na 201 ne. Na ji mai kayan yana gaya wa yaronsa." Duka biyun sunansu ƙarfe mara tsatsa, kuma haka kowace na'ura za ta fassara maka su. Sai dai 201 sinadarin nikel ɗinsa kaɗan ne, ya fi araha, ya fi saurin yin tabo in ya daɗe a jiƙe. Da kwantena guda zan loda, sai bayan wata shida masu saye su fara dawo mini da kaya.

Muka koma ciki. Ban san me ya faɗa musu ba, murya ƙasa-ƙasa, har da dariya, ba wanda aka kunyata. Aka sake farashi, aka rubuta 304 da kaurin ƙarfen a takardar yarjejeniya da Sinanci, aka buga jan hatimin kamfani. Shi ya koya mini cewa a can hatimin nan ya fi sa hannu nauyi. Shi ne kuma ya fara tambayar abin da ban san ana tambaya ba: farashin nan a ƙofar masana'anta ne, wanda suke kira EXW, ko har an ɗora kaya a jirgin ruwa, wato FOB? Tsakanin biyun akwai kuɗin mota, da na tashar jirgi, da takardun fitar da kaya, duk a wuyanka in ba ka tambaya ba. Da dare ya raka ni har ƙofar otal don direban tasi ya kasa gane adireshin, bai nemi ƙarin ko kwabo ba. Har yau muna gaisawa.

Wani abu kuma, a Guangzhou yaren gida Kantonis ne, Mandarin na makaranta ne da hukuma. Masu shaguna da yawa kuma baƙi ne daga wasu larduna, kowa da nasa yaren. In za su yi shawara a gabanka sai su zame zuwa na gida, a nan na'ura take yin tsit. Tafinta ko bai ji yaren ba, yana ganin fuska, ya san an canza zance.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma zan faɗa. Duk tafintan da ya tare ka a filin jirgi ko a bakin otal ya ce zai yi maka aiki kyauta, ko a kuɗin da bai kai ya kawo ba, gudu. Dillali ne, la'adarsa tana cikin farashin da za a faɗa maka, a gabanka zai shirya ta da mai kaya kana murmushi. Alamarsa, duk abin da ka nema shagon "abokinsa" zai kai ka, kuma ba ya son ka karɓi lambar mai kaya. Kai za ka biya tafintanka, kullum, a kan abin da kuka yi magana tun farko, kuma kai za ka zaɓi inda za a shiga. Haka masu cewa su masana'anta ne alhali ofis ne da tebur biyu, suna saro kaya a wani wuri su ɗora nasu. Ka ce a nuna maka lasisin kamfani, yana da lamba mai gurbi 18, ka ɗauki hotonsa. Sunan da ke jikinsa da Sinanci shi ya kamata ya fito a hatimi da asusun da za ka tura kuɗi. In aka ce ka tura asusun wani mutum shi kaɗai, tashi ka ba su wuri. Masu tallar na'urar ma ba a bar su a baya ba, za a rubuta maka harsuna ɗari da wani abu a kwali, sai ka kunna ka tarar waɗanda ke aiki ba intanet ba su taka kara sun karya ba.

Wayar da ke aljihunka ta ishe ka sa ido. Google Translate yana da Hausa tun 2013, amma a Chaina an toshe Google, haka WhatsApp da Facebook, don haka ka sauke Sinanci da Turanci a cikinsa tun kafin ka hau jirgi, yadda zai yi aiki ba intanet. Ka buɗe manhajar WeChat tun daga gida, da shi kowa yake magana a can, kuma in ka danne saƙo yana fassara maka shi. Duk abin da kuka amince a baki, adadi, launi, yawan kaya a katan, ranar lodi, ka sa mai kayan ya rubuto maka a nan da lambobi. Ko tafintan kirki ne, hakan na sa shi ma ya san kana bibiya.

In birnin Yiwu za ka, mai babbar kasuwar sari inda shaguna suka haura 70,000, kada ka ɓata kuɗin tafinta a ranar farko. Yi yawonka da waya da kalkuleta, ka tara katin shaguna, ka rubuta farashi a bayan kowanne. Ranar ciniki da ranar duba kaya a sito kafin a rufe katan, nan ne za ka zo da shi.

In kuma duk da haka ranka na kan na'urar, kada ka saya, zo ka karɓi tawa kyauta. Sai dai ka nemi caja, don ban san inda na jefa tata ba.