Ofset, dijital ko sikirin: wane bugu za ka ba kuɗinka?

Yawan kwafi shi ke raba gardama. In aikinka ya haura kwafi 1,000, littafi ne ko kalanda ko fosta, kada ka wahalar da kanka, ofset za ka nema.

A ofset ana raba hoton gida huɗu: shuɗi, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi, abin da masu sana'ar ke kira CMYK. Kowace kala da nata farantin alminiyam. Tawadar mai maiƙo ce, don haka ruwan da ke jiƙa farantin yana hana ta kama inda babu rubutu. Farantin kuma ba ya taɓa takarda. Yana sauke tawadar a kan bargon roba, robar ce ke danna ta a takarda, shi ya sa ƙananan haruffa ke fita tas ko da takardar tana da ɗan kaushi. Kuɗin faranti da na saita inji sau ɗaya ake biya, ko kwafi 500 za a buga ko 20,000. Yawan kwafi, sauƙin farashin kowane guda.

Sai dai ka tambayi injin da za a ɗora aikin a kai. Tsofaffin injunan Heidelberg na Jamus sun cika maɗaba'unmu, kuma suna da ƙarko, amma irin su Kord kala ɗaya suke bugawa a lokaci guda. Aiki mai kala huɗu sai takardar ta shiga inji sau huɗu. In ta sha danshin damina tsakanin shiga da shiga, sai ta ɗan buɗe, kaloli su ƙi hawa kan juna, ka ga fuskar mutum da inuwa ja a gefen kunne. Duk aikin da ke da hotunan mutane, a kai shi inji mai kala huɗu.

Dijital na mai gaggawa ne: katin biki 100 ko takardar shaida mai suna daban-daban. Ba faranti, amma farashin kwafi ba ya wani sauka, garin tawadarsa kuma kan tsage a wurin naɗi. Sikirin, wato bugun da ake tura tawada ta cikin rariya, na riga ne da jaka da leda, kowace kala da rariyarta. Fileks kuwa na allon talla ne, daga nesa ake kallonsa.

To amma zaɓen hanya ba shi ne inda aka fi cin mutane ba. Takarda ce. A yi ciniki a kan mai sheƙi giram 135 (giram shi ne ma'aunin nauyin takarda), a buga a kan 115, a cikin littafi a sa 60 maimakon 70, sai rubutun bayan shafi ya riƙa leƙowa ta gaba. Ido ba ya gane bambancin in babu abin gwadawa. Ka karɓi samfurin takardar, a rubuta giram ɗinta a rasit, ranar karɓar kaya ka haɗa su a hannu ka ɗaga su a rana.

Sai ƙirga. Rim ɗin takarda falle 500 ne, kuma kafin kala ta zauna inji kan lalata wasu fallaye. Mai gaskiya yana sa wannan asarar cikin lissafi tun farko. Mara gaskiya sai ya cusa lalatattun a tsakiyar ɗauri, masu kyau sama da ƙasa. Kada ka duba na sama kawai. Ka zaro daga tsakiya, ka ƙirga ɗauri biyu ko uku a gabansa. In ka ga bayan takarda ya ɗauki tabon ta ƙasa, an jibge su ne tun tawada ba ta bushe ba, ko an yi amfani da tawada mai arha.

Akwai kuma dillalai, masu ofis da kwamfuta ɗaya ba inji. Su karɓi aikinka su kai wata maɗaba'ar, wani lokaci har Shomolu a Legas, su ɗora nasu a kai. Dillanci ba laifi ba ne, amma in aiki ya ɓaci ba ka da wanda za ka riƙe. Ka ce a nuna maka injin yana aiki.

Kai ma da naka ɓangaren. Ka kai aikin a PDF, kalarsa CMYK, hotuna a 300 dpi (ma'aunin kaifin hoto), da rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka. Hoton da ya bi ta WhatsApp ya riga ya matse, a fosta zai fito dishi-dishi. Ka tabbatar haruffan ɓ, ɗ da ƙ ba su koma akwati ba, don ba kowane salon rubutu ke da su ba. Kada a kunna inji sai ka sa hannu a kan samfurin gwaji, kuma kada ka biya cikon kuɗi sai ka ƙirga kayanka.