Kundin faifan Buxtehude: ɗan littafin ya fi sautin

Wanda ya sayi kundin kiɗan ogan (kayan kiɗan coci mai bututu) na Dieterich Buxtehude, mai tsara kiɗa na ƙarni na 17, abin da zai fara nema shi ne kiɗa mai lamba BuxWV 137 a jerin ayyukansa, inda ƙafa kaɗai ke buɗe kiɗan a kan feda kafin hannu ya shigo. To a nan aka ɓata min rai. An girke makirufo can nesa da bututan, amsa-kuwwar cocin ta cinye komai. Bututu mai tsawon ƙafa 16 sautinsa bai wuce girgiza 33 a daƙiƙa ba, yana da nawar tashi, yana da nawar mutuwa. Makaɗin kuma ya saka gaggawa, wani sauti bai gushe ba wani ya hau kansa, sai gurnani kamar janareto a bayan katanga. Kiɗan nan mai suna Passacaglia, BuxWV 161, zubi ɗaya ne na feda ake maimaitawa sau 28, bakwai-bakwai a kashi huɗu. A faifan nan ko ka toshe kunne da hedifon ba za ka iya ƙirga su ba.

Ɗan littafin da ke ciki ne ya sanyaya min zuciya. Ya kawo yadda Buxtehude ya bar Helsingor ta Denmak ya gaji makaɗin ogan Franz Tunder a cocin Marienkirche ta Lubek, Jamus, a 1668, ya auri 'yarsa a shekarar, ya kuma haɗa kiɗa da riƙon littafin kuɗin coci har rasuwarsa a 1707. Akwai zuwan masu tsara kiɗa Handel da Mattheson wurinsa a 1703, da tattakin kusan kilomita 400 da mai tsara kiɗa Bach ya yi daga Arnstadt a 1705 don ya ji shi, ya ɗebi hutun mako huɗu ya share wajen wata huɗu. Don wannan kaɗai da sai in ce kuɗin bai faɗi ba.

Amma fa hoton Marienkirche aka liƙa a bango, alhali ogan ɗinta sun ƙone a ruwan bama-baman 1942. Wanne aka kaɗa ke nan? Shiru. Ba sunan ogan, ba bayanin yadda aka saita sautinsa, ba jerin muryoyin ogan, wato rukunonin bututu, da aka zaɓa wa kowane kiɗa. Ga kuma ogan ɗin da ake kira da sunan maƙerin ogan Stellwagen can a cocin Jakobi, cikin Lubek ɗin, da ya tsira daga yaƙin. Tauraro biyu na ba shi, su ma na littafin ne.