Gidan kallon da ke haska From a Mabera: yadda wurin yake da abin da 'yan kallo ke cewa

Akwai wani gidan kallo cikin Mabera a Sakkwato, asalinshi na ƙwallo ne, amma daren da babu wasa sai mai wurin ya sa fim mai dogon zango bayan sallar isha'i don kar benci ya zauna haka nan, to tun da ya fara sa wani fim mai suna From wurin ya koma wani abu daban, har akwai waɗanda ba ruwansu da Arsenal ko Madrid amma yanzu su ne kan gaba wajen kama wuri. Mutane da yawa sun tambaye ni ko wurin ya cancanci a je, shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na gani, mai kyau da marar kyau. Wanda bai kalli fim ɗin ba ya sani zan taɓo labarin har sizin na 3, in ba ka son a ɓata maka to ka tsaya nan.

Fim ɗin na Amurka ne, ya fara fita a Fabrairun 2022 a tashar Epix wadda daga baya ta koma MGM+, John Griffin ne ya ƙirƙire shi, kuma duk da labarin ya nuna wani ƙauye ne cikin Amurka, a Nova Scotia ta ƙasar Kanada anka ɗauke shi. Ko wane sizin kashi 10 ne, na 2 ya fito 2023 na 3 kuma 2024. Labarin wani gari ne da in ka faɗa cikinshi ba fita, kana tafe kan hanya sai ka iske icce ya faɗi ya tare titi ga hankaki suna kewaya, ka juya, daga nan duk inda ka bi garin za ka sake dawowa. Da rana lafiya lau, da dare kuma wasu halittu ke fitowa daga daji da siffar mutane, sanye da tufafi masu tsabta, suna murmushi, ba su gudu ba su gaggawa, su zo su ƙwanƙwasa taga su yi maka magana mai daɗi har ka buɗe. In ka buɗe shike nan. Harold Perrineau shi ne Boyd, shugaban tsaron garin, wanda ke bin titi yana kaɗa ƙararrawa da la'asar sakaliya kowa ya shige ɗaka.

Abin da ya fi komi kyau a gidan kallon nan shi ne mai fassara. Wani matashi ne ɗalibin Jami'ar Danfodiyo, yana zaune gefen talabijin da ƙaramin lasifika, shi ya riga ya kalli kashin a wayarshi da rana, sai ya riƙa juya maganar da Hausa ana cikin kallo. Kuma ya iya, wallahi ya iya. Ba ya cika surutu, in an zo wurin da shiru ne ke ba da tsoro sai shi ma ya yi gum, ya bar sautin fim ɗin ya yi aikinshi, ba kamar wasu masu fassara ba da ke cusa barkwanci ko ana yanka mutum. Inda nike da ƙorafi a kanshi guda ne, wani lokaci bakinshi na riga fim ɗin, ya ce “ku lura da wagga yarinya hwa” tun kafin ta yi komi, to ai ka gama gaya muna. An yi mishi magana ya rage amma bai bari ba.

Kashi na farko shi ne ya kama mutane. Wata ƙaramar yarinya na ɗakinta na sama, wata tsohuwa ta zo taga tana ce mata ita kakarta ce, uban yarinyar kuma ya tafi shan giya bai dawo ba bai kuma buga ƙusa ga tagar ba kamar yadda doka ta ce. Gidan kallo ya ɗauki ihu, wani daga baya yana cewa “kak ki buɗe! ba kakarki ba ta!” kamar tana jinshi, wani na salati, da ta buɗe kuma sai wurin ya yi tsit. Washegari cikin fim ɗin anka goge allon da ke nuna an yi dare 96 ba a rasa kowa ba, anka kuma yanke wa uban hukuncin kwana cikin akwatin da ke waje don halittun su iske shi. Nan musu ya ɓalle har anka tsayar da fim ɗin na ɗan lokaci, wasu na cewa daidai ne tunda sakacinshi ya kashe matarshi da ɗiyarshi, wasu na cewa mutumin da ya rasa iyalinshi cikin dare ɗaya wane hukunci ya rage da za a yi mishi. Wani dattijo mai sayar da goro da ke zuwa kullum ya ce shi abin da ya gani shi ne Boyd bai so ya yi ba amma doka ta ɗaure shi, kuma shugabanci ke nan.

Ni dai abin da na lura da shi, kuma shi ya sa na ɗauki wanga fim da muhimmanci, ba jini ko haƙoran dodanni ke tsorata mutanenmu ba, mun ga fiye da haka a finafinai. Abin da ke taɓa su shi ne dokar garin, rufe ƙofa kafin duhu, kar a amsa wa mai ƙwanƙwasawa ko da muryar wanda ka sani ce, hanya ta zama abin tsoro, kowa na ƙirga daren da anka kwana lafiya. Cikin masu zuwa kallo akwai samari da sunka baro ƙauyukan wajen Isa da Sabon Birni saboda 'yan bindiga, suna kabu-kabu da dako a cikin gari. Wani dare da ake nuna yadda mutanen garin ke ɓoyewa cikin ramuka kafin a samo maganin halittun, ɗaya daga cikinsu ya juyo ya ce da na kusa da shi “yaya, wanga ai mu mun san shi, sai dai namu ba su ƙwanƙwasa ƙohwa.” Babu wanda ya yi dariya. Mai fassara ma sai da ya ɗan yi shiru kafin ya ci gaba. Akwai kuma wanda ya tashi ya fita daren da anka kashe Tian-Chen, mahaifiyar Kenny mataimakin Boyd, a gaban Boyd yana ɗaure ba abin da zai iya, a farkon sizin na 3 ke nan, kuma daga ranar ban sake ganinshi a wurin ba. Don haka in za ka ja abokinka zuwa kallon nan ka fara tunanin abin da ya taɓa gani a rayuwarshi, ba kowa ne zai ɗauke shi a matsayin nishaɗi ba.

Sai maganar duwatsun nan masu zane da Boyd ya tsinto cikin daji, waɗanda ake ratayawa bakin ƙofa halittun su kasa shiga. Kowa a wurin laya yake ce musu, kuma an sha musu a kansu sosai. Wasu ustazai daga cikin samarin na cewa fim ɗin na koya wa yara dogaro da laya, wasu na ba su amsa cewa ai labari ne na ƙirƙira kuma cikin fim ɗin ma layar ba ta tsare wanda ya buɗe taga da hannunshi, kamar yadda ya faru a babban gidan nan na kan tudu, Colony House, inda wani saurayi ya ruɗu da kyan wata daga cikin halittun ya shigo da ita anka yi ɓarna mai yawa. Da yawa kuma sun haɗa abin da umurnin da munka taso da shi na shigar da yara gida da almuru da rufe ƙofa da bismillah, wanda ya zo a hadisi. Inda jama'a sunka fi yin tsaki shi ne ƙarshen sizin na 3, da anka nuna cewa Tabitha da Jade, biyu daga cikin waɗanda sunka faɗo garin a farkon fim ɗin, sun taɓa rayuwa a garin a wani zamani sunka sake dawowa cikin wasu jikuna. Nan kam an ce wannan ba aƙidarmu ba ce, kuma gaskiya ne, amma dai babu wanda ya fasa tambayar yaushe za a ci gaba. Bayanin cewa halittun asalinsu mutane ne da sunka sadaukar da 'ya'yansu don su dawwama a duniya, shi kuma bai ba kowa mamaki ba, nan take anka ce 'yan shan jini ne.

Akwai wuraren dariya hwa. Lokacin da Jim, wanda injiniya ne, da matarshi Tabitha sunka gano cewa wayoyin lantarkin gidajen ba su haɗu da komi ba amma ƙwai na kamawa, wani ya ɗaga murya ya ce a ba shi adireshin garin, wuta ba ɗaukewa ba bil. Haka sunan Fatima, matar Ellis ɗan Boyd, ya sa 'yan kallo sun ɗauke ta tasu, da cikinta ya sa ta fara cin ruɓaɓɓen abinci sai ka ji ana “subhanallahi, a kai ta wurin malam.” Victor kuma, wanda tun yana yaro yake garin, an fara da yi mishi kallon mai taɓin hankali, zuwa sizin na 2 ya zama wanda anka fi tausayi.

Ƙorafin da ya fi yawa kan fim ɗin kanshi shi ne ja. Tambaya kan tambaya ba amsa, yaron nan mai fararen kaya, iccen da in ka shiga cikinshi ya jefa ka wani wuri, akwatin kiɗa, tsutsotsin da sunka shiga jikin Boyd, kuma abin haushi mutanen garin ba su zama su gaya wa juna abin da kowa ya gani, kowa na ɓoye nashi. Na yarda da wanga ƙorafi ɗari bisa ɗari, tsakiyar sizin na 2 akwai kashin da za ka kalla ƙarshe ka ga ba inda labarin ya matsa. Waɗanda sunka san wani tsohon fim mai dogon zango mai suna Lost na cewa daman haka za a yi, tunda Jack Bender da Jeff Pinkner da ke cikin manyan masu shirya wannan sun yi aiki a can, shi ma Perrineau ya fito a can. Amma kallo cikin taro na rage wannan gajiyar, don bayan an tashi sai a koma teburin mai shayi a yi ta hasashe, wani ya ce duk sun mutu ne ba su sani ba, wani ya ce gwajin gwamnati ne, wani ya ce garin aljanu ne kawai a bar wahalar da kai.

Shi kuma wurin, talabijin ɗin babba ce hoto tas, sauti ma ba laifi. Yana da sola, saboda haka ɗauke wuta ba ta tsayar da kallo sai dai in batir ya yi ƙasa a tada janareta, kuma janaretan na kusa da bango ƙwarai, fim ne da ake yawan raɗa a cikinshi sai ƙarar ta cinye rabin abin. Zafi kam sai haƙuri, rufin kwano ne, fankoki ba su isa ba, kowa ya san yadda Sakkwato take a watan Afrilu da Mayu, in ka zauna tsakiya za ka jiƙe sharkaf, gara ka zo da wuri ka kama bencin bakin ƙofa. Ana sayar da fiya wata da soɓo mai sanyi a ciki. Kuɗin shiga bai kai na manyan wasannin ƙwallo ba, kuma wanda ya rasa wani kashi ana tura mishi a memori kan kuɗi kaɗan, sai dai wannan ba fassara, rubutun Turanci ne kawai a ƙasa. Mata ba su zuwa, amma na san gidaje da dama da ake tura musu suna kallo a waya.

Mai wurin na riƙe da rimot yana tsallake wuraren da ba su dace ba, musamman na Colony House, kuma na yaba mishi kan haka don yana yi da kula ba tare da ya yanke labari ba. Amma abin da ban yarda da shi ba sam shi ne barin yara ƙanana suna shiga. Na ga 'yan shekara tara zuwa goma, har da almajirai da ke laɓewa bakin taga, suna kallon gawar da anka farke wa ƙirji. Wannan fim na manya ne, ba don tsiraici kaɗai ba. Na same shi na ce “Alhaji don Allah a duba lamarin yaran ga,” ya ce yana korarsu suna dawowa, kuma wasu da yayyensu suke zuwa. Ban gamsu ba, wanda ke iya tsare ƙofa ya karɓi kuɗin kowa yana iya tsare ta ya hana yaro.

Wanda zai je ya shirya abin hawanshi na komawa, kashi biyu ake sawa a dare, ana tashi wajen sha ɗaya saura, lokacin keke ya yi wuya a cikin unguwar sai kabu-kabu, su ma kuɗinsu na dare daban ne. Daren da ake Champions League ba a sa fim ɗin, saboda haka ka tambaya kafin ka taso daga nesa kamar Arkilla ko Runjin Sambo.