Sharhi kan aikin gwajin wayoyin fitilu a wani gida a Kubwa

Masu gyaran wuta da yawa a Abuja suna ɗaukar ƙarar da ƙaramar na'urar awo ke yi a matsayin shaidar cewa waya lafiya lau take, alhali ƙarar ba ta nuna komai illa cewa wayar ba ta tsinke ba. Ma'aikacin da ya duba mana fitilun gida a Kubwa, wanda ke da takardar shaidar NEMSA, hukumar da ke tantance masu aikin wutar lantarki a Najeriya, bai tsaya a nan ba, kuma dalilin da ya sa nake yaba aikinsa ke nan.

Kafin ya taɓa komai sai da ya kashe wutar AEDC, kamfanin da ke raba wuta a Abuja, ya cire inbata, ya tabbatar janareta ma ba ta haɗe da layin, matakin da ba kowa ke tunawa da shi ba. Na'urarsa irin wadda ke tura aƙalla miliamfiya 200 ce, kuma ya fara da haɗa bakin wayoyinta biyu domin ya cire turjiyarsu, wato yadda suke tauye gudun wuta, daga lissafi. Daga nan ya haɗa wayar wuta da wayar ƙasa, wato wadda ke kai wuta ƙasa don kariya, a akwatin rarraba wuta, ya bi fitilun ɗaya bayan ɗaya yana aunawa, makunnin kowacce yana kunne.

Inda ya fi burge ni shi ne bayanin lambobin. Wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita 1.5 murabba'i tana da turjiyar kusan miliom 12.1 a kowace mita (om shi ne ma'aunin turjiya, miliom dubu ne om ɗaya), don haka tafiya da dawowa a layi mai tsawon mita 30 bai kamata su wuce kimanin om 0.73 ba. Fitilar falo ta ƙarshe, wadda layinta ke da irin wannan tsawon, ta ba da 0.75, wanda ya dace. Amma layin ɗakin girki, da bai fi mita 20 ba, ya nuna 1.6 maimakon abin da bai kai 0.5 ba. Da ya buɗe mahaɗar da ke cikin silin sai ga wayoyi an murɗe su da hannu kawai, an naɗe da tef, har sun fara baƙi. Bayan ya ɗaure su da kyau lambar ta sauko.

Ya kuma ja hankalina cewa lambar da ta yi ƙasa fiye da lissafi ita ma abin tuhuma ce, domin wutar na iya bin bututun ƙarfe ta ɓoye tsinkewar wayar ƙasa. Idan kuwa duk layukan sun haura lissafi da kusan gwargwado iri ɗaya, sai a zargi wayar kanta, musamman alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe.

Ƙorafina ɗaya ne: ya rubuta sakamakon da biro a ƙaramar takarda, bai saka tsawon layukan da ya yi lissafi da su ba. Duk wanda zai ɗauke shi aiki ya nemi cikakken rahoto tun wajen ciniki.